Darasi na Tara: Gayyar Agaji Bayan Ambaliya

A Kano, watan Agusta ne ruwan sama ya fi ƙarfi. Idan aka kwana ana sheƙa shi, kududdufai su cika, magudanan da shara ta toshe su tumbatsa, gidajen ƙasa na cikin birni su jiƙe har katanga ta zube. Dattawa ba su manta da 1988 ba, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari, ya yi wa 'yan kasuwa ɓarna mai yawa.

Akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, NEMA, da aka kafa a 1999, akwai takwararta ta jiha, SEMA, ga Red Cross, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Amma kafin motarsu ta iso bakin lungu, maƙwabta ne a wurin. Aikin gayya ne, ba a biyan kowa ko sisi, ladan yana wurin Allah.

Fara da kanka, domin idan mai ceto ya ji ciwo, aiki ya zama biyu. A kashe wuta daga mita idan wurin a bushe yake. Kada ka taɓa wayar lantarki da ta faɗo, kada ka ratsa ruwa mai gudu. A kira lambar gaggawa ta 112. Wanda gini ya danne, yana kukan wuya ko baya, ba a fizgarsa. A shimfiɗe shi a kan ƙyaure, mutum huɗu su ɗauka a hankali.

Bayan ruwa ya janye ne cuta ke shigowa, kuma nan ake yawan sakaci. Masai ya cika ya gauraya da rijiya, sai amai da gudawa su ɓulla. A tafasa ruwan sha. Wanda zawo ya kama, a zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi asibiti.

To, ga inda karatunka zai yi rana. Ranar rabon kaya, mai ƙarfin murya ya kan samu buhu biyu, tsohuwar da ke kwance a ɗaki ta tashi a tutar babu. Maganin wannan takarda ce da biro. Ku zaga tare da mai unguwa, ku rubuta sunan maigida, yawan iyalinsa da abin da ya rasa. Mata su shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", don su ne za a faɗa wa akwai mai jego ko mai tsohon ciki. Roƙona kuma shi ne, kada a ɗauki hoton wanda aka ba tallafi. Jiya da rufin asirinsa yake.

Aikin yi: Ja layi uku a littafinka. Rubuta "Suna", "Yawan iyali" da "Abin da aka rasa" a sama. Cike bayanan gidaje biyar na unguwarku, kamar an yi ambaliya daren jiya, ka kawo wa malam gobe.