Yadda ake zaɓen tsohon jirgin filafili don ratsa teku kai kaɗai

Mai shiga teku shi kaɗai ba shi da wanda zai karɓe shi a tuƙi, ba shi da mai riƙe masa tocila idan ruwa ya fara shigowa da ƙarfe ukun dare. Saboda haka jirgin da zai saya ba kyan ɗaki ake dubawa ba, ba kuma sunan kamfani ba. Ana duba ko mutum ɗaya, a gajiye, a jiƙe, bai yi barcin kirki ba kwana uku, zai iya sarrafa shi. Sannan a duba abubuwa biyar da lalacewarsu kan kashe mutum: nauyin ƙasa da ake kira kil, allon akala da ke juya jirgi a ƙarƙashin ruwa, jigo (doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai) da wayoyinsa, ramukan da aka huda a jikin jirgi, da na'urar da za ta riƙe tuƙi yayin da kake barci. Saura duk gyaran a hankali ne.

Tsawo da siffa

Tsakanin ƙafa 27 zuwa 36 ya wadatar. Abin da ya wuce haka, babban filafilinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya idan iska ta tashi, angarsa ta tashi daga kilo 15 ta koma 25, kuma kuɗin fenti da waya da wurin ɗauri duk sun hau. Gasar zagaya duniya ta Golden Globe, ta masu tuƙi su kaɗai, wadda ake tashi daga Les Sables d'Olonne a Faransa, jiragen ƙafa 32 zuwa 36 kawai take karɓa, waɗanda aka zana kafin 1988. Jean-Luc Van Den Heede ya ci ta 2018 da jirgi samfurin Rustler 36 yana da shekara 73, Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu ta ci ta 2022 da Cape George 36. Ƙasa da haka ma an yi: Tania Aebi ta zagaya duniya da Contessa 26 daga 1985 zuwa 1987, Matt Rutherford ya zagaye nahiyoyin Amurka biyu da Albin Vega 27 ba tare da ya tsaya ba. Illar ƙaramin jirgi ita ce ɗaukar kaya da jinkiri. Jirgin ƙafa 32 yakan ci mil 100 zuwa 120 na teku a kwana, wato ratsa Atlantika daga Las Palmas a tsibiran Canary zuwa tsibirin Saint Lucia a Caribbean, mil 2,700, ka ƙiyasta sati uku zuwa huɗu. Lita uku ta ruwa a rana, da rarar kwana goma, ya zama wajen lita 120. Duba tankin tun yanzu.

Tsofaffin jiragen faiba na shekarun 1965 zuwa 1985 sun fi yawa a kasuwar Ingila, Faransa, Suwidin da Amurka. Siririn jiki gare su, da nauyi a ƙasa, shi ya sa idan raƙumin ruwa ya kwantar da su sukan miƙe. A gasar Fastnet ta 1979, inda jirage 303 suka tashi daga Ingila kuma guguwa ta kashe 'yan gasa 15, jirgi ɗaya tak ya kammala a rukunin ƙanana, Contessa 32 mai suna Assent. Bayan wannan masifar aka fito da wani lissafi mai sauƙi na auna haɗarin kifewar jirgi: raba nauyin jirgi a fam da 64, ɗauki tushen ukun abin da ya fito, ka raba faɗin jirgi a ƙafa da shi. Contessa 32 tana da fam 9,500 da faɗin ƙafa 9.5, amsarta 1.79. Abin da ya haura 2 ka bar wa masu yawon bakin gaɓa. Lissafin bai san inda nauyin yake zaune ba, don haka tankaɗe ne kawai, ba hukunci ba.

Kil da akala

Kil iri biyu ne. Akwai wanda aka zuba darma ko ƙarfe a cikin jikin faiba aka rufe, akwai wanda aka ɗaure daga waje da manyan ƙusoshi. Na farkon ba ya faɗuwa, amma idan ƙarfe ne a ciki kuma ruwa ya shiga ta wani tsagi, tsatsa takan kumbura ta fasa faibar daga ciki. Nemi jan ruwa yana tsiyaya daga ƙasansa bayan an ɗaga jirgin. Na biyun, ɗaga katakon ƙasa ka haska kan ƙusoshin. Tsagi a faibar da ke kewaye da su, ko layin da ya buɗe tsakanin kil da jiki ta gaba, alama ce jirgin ya taɓa dukan dutse. Jirgin Cheeki Rafiki ya yar da kil ɗinsa a tsakiyar Atlantika a watan Mayun 2014, mutum huɗu suka salwanta, kuma masu bincike sun nuna cewa ya sha taɓa ƙasa kafin nan. Tambayi mai jirgi kai tsaye ko ya taɓa maƙalewa a ƙasa, ka kuma sa a zare ƙusa ɗaya a gani. Ƙusar sitenles takan rube a tsakiya, inda iska ba ta kaiwa, kanta na sama yana ƙyalli.

Allon akala ya fi aminci idan yana manne da bayan dogon kil ko yana da madogari a gabansa. Kama ƙasansa da hannu biyu ka girgiza. Motsi kaɗan ba laifi, amma idan yana ƙwanƙwasa to mazauninsa ya cinye. A ɗaure sandar tuƙi ka murɗa allon: in ya juya sandar ba ta motsa ba, ƙarafan cikinsa sun rabu, sai an tsaga shi an sake. Sandar tuƙi ta fi sitiyari ga mai tafiya shi kaɗai, domin babu sarƙa ko waya da za ta tsinke.

Jigo da wayoyinsa

Nan ya kamata ka daɗe. A gasar Golden Globe ta 2018 jirage biyar jigonsu ya karye. Wanda ya ci ma, guguwa ta kwantar da shi a kudancin Fasifik har ƙusar da ke riƙe wayoyin ƙasa ta tsage jikin jigon, sai da ya yi ta hawa yana ɗaurewa. Waɗannan kuwa jirage ne da aka kashe wa kuɗi.

Wayar sitenles ba ta nuna tsufa. Kamfanonin inshora da yawa shekara goma suke ba ta, idan mai jirgi bai nuna maka rasit ba, ka lissafa cewa sabuwa za ka saya gaba ɗaya. Tafi da gilashin ƙara girma ka duba bakin ƙasa na kowace waya, inda aka matse ta cikin hannun ƙarfe. Ruwan gishiri yana gangarowa ya kwanta a nan. Tsagi kamar gashi, ko zare ɗaya da ya tsinke cikin goma sha tara da aka murɗa wayar da su, ya isa a canza ta.

Abin da ya fi ɓuya shi ne kunnuwan ƙarfen da wayoyin ke kamawa a jikin jirgi. Suna ratsa dandamali, wato daɓen saman jirgi da ake takawa, su sauka ciki, kuma daidai inda suka ratsa ɗin nan suke rubewa, wurin da ido ba ya gani daga sama ko daga ƙasa. Buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashinsu. Layin tsatsa a bango, ko katakon da ya yi baƙi har sukundireba tana nutsewa, yana nufin ruwa ya daɗe yana bi. Jirgin da ya shekara talatin ba a taɓa zare su ba, a zare. Wasu jiragen an binne kunnuwan cikin faiba, kuma wannan aiki ne na sassaƙa mai cin kuɗi, sai a rage shi daga farashi.

Duba gindin jigo ma. In a kan dandamali yake zaune, ka ga ko wurin ya lotsa, ko ƙofar ban ɗaki ta daina rufuwa daidai, domin ginshiƙin ƙasa ne ya sauka. Babban filafili kuma ya zama yana da matakai uku na rage girmansa idan iska ta yi ƙarfi, na ukun mai zurfi, da waya ta biyu a gaba da za a ɗaura ƙaramin filafilin guguwa.

Dandamali da jiki

Yawancin dandamali faiba biyu ce da katakon balsa a tsakiya. Bi shi da ƙaramar gudumar roba taku-taku. Lafiyayyen wuri ƙara mai kaifi yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar kabewa. Ka fi ƙwanƙwasa kewayen sandunan shinge da winci da makamar anga. Tabo kamar tafin hannu gyaran kwana biyu ne. Rabin dandamali kuwa, juya ka tafi. Haka tsohon daɓen katakon tik da aka kafa da sukurori: kowane sukuru rami ne, kuma ana samun sama da dubu.

Ƙurajen da ke fitowa a ƙasan jiki, masu ruwa mai warin tsami, sun fi tsorata masu saye fiye da yadda suka cancanta. Ƙanana kamar wake abin neman ragi ne. Masu faɗin tafin hannu da suka ci cikin faiba su ne matsala.

Ramuka da wurin tuƙi

Ƙirga kowane rami da ke ƙasan ruwa: na inji, na ban ɗaki, na wurin wanke-wanke. Kowanne da bawul ɗinsa, kuma dole hannunka ya kai gare shi cikin duhu, ya buɗe ya rufe ba da guduma ba. Kankare jikinsa da wuƙa. In ya fito rawaya lafiya lau, in ya fito ja-ja to tagulla ce mai yawan tutiya, gishiri ya tsotse tutiyar, bugu ɗaya zai karye. Kowace tiyo kilif biyu, da turken katako ɗaure kusa da ita don toshewa.

Wurin tuƙi ƙarami ya fi. Toshe magudanansa, ka cika shi da bokiti, ka buɗe ka duba agogo. In ya wuce minti biyu zuwa uku bai tsiyaye ba, a faɗaɗa su. Ƙofar shiga ciki kuma bakinta ya ɗaga har daidai wurin zama, don kada ruwan da ya cika wurin tuƙi ya zarce ɗaki. Famfon hannu biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Matuƙin iska da inji

Na'urar tuƙi ta lantarki tana shan batir, tana kuma ƙonewa. Wadda ke aiki da iska, irin su Monitor, Aries, Windpilot da Hydrovane, ita ce abokin tafiya na gaske. Hydrovane tana da nata allon akala, don haka in na jirgi ya karye ka samu madadi. Jirgin da ya zo da ɗaya daga cikinsu ya rage maka dubban daloli. Amma na'urar ba ta gyara jirgin da ba ya tafiya saiti. A gwajin teku, daidaita filafilai ka saki sanda. Jirgin kirki zai riƙe hanya na ɗan lokaci, mai gardama nan take zai juya hanci cikin iska.

Inji kuwa ka roƙa kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa shi ka ji sanyi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai yake ci, farin da bai ɗauke ba ruwa ne ko matsi ya ragu, baƙin mai mai kalar madara ruwa ya shiga. Yanmar 2GM20 da 3GM30 kayan gyaransu na samuwa kusan ko'ina, wasu tsofaffin Volvo Penta kuwa sai an yi oda da tsada.

Ciniki

Kada ka kashe fiye da kashi 60 na kuɗinka a saye. Ragowar za ta tafi a waya, filafilai, batir, kwale-kwalen ceto, na'urar AIS mai ƙara idan babban jirgi ya doso, da na'urar kiran ceto ta EPIRB. Araha ba ta ado. Al'ada ita ce kafin alƙalami na kashi 10, da sharaɗi a rubuce cewa za a mayar maka in bincike ya tono babban aibi. Safiyon jirgi, wato ƙwararren da zai binciki lafiyarsa, kai za ka ɗauko ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa na wajen mai sayarwa. Gaya wa safiyon cewa teku za ka ratsa kai kaɗai, ka tsaya kusa da shi ranar da za a ɗaga jirgin.

Kafin ka biya sauran, nemi takardun cinikin baya, shaidar cewa babu bashi a kan jirgin, da ta biyan harajin VAT in a Turai yake. Ka kuma tuntuɓi inshora tun kafin sa hannu, domin kamfanoni da dama suna iyakance awannin da mutum ɗaya zai yi yana tuƙi, wasu kuma ba sa karɓar tsohon jirgi sai da rahoton safiyo na kwanan nan.