Yadda na gyara katunana na Magic masu hukunta ƙarin rai

Sati uku ina shan kashi a Magic: The Gathering, wasan kati da ake cin mutum in makinsa na rai ya kai sifili. Na gina katunana 60 a kan Tainted Remedy, katin da ke mayar da duk ƙarin rai da abokin karawa zai samu ya zama asara. Matsalar, in bai zo da katunan ƙarin rai ba, sai nawa ya zauna a tebur ba amfani.

Sai na daina jira, na koma ba shi ran da hannuna. Na sa Swords to Plowshares huɗu, katin da ke kawar da dodo ya ba mai shi rai daidai ƙarfin dodon: in kawar da dodonsa mai ƙarfi 5, shi kuma ya rasa rai 5. Na ƙara Beacon of Immortality biyu, mai ninka rai. Jiya da dare abokina yana da 17, na ninka masa, Tainted Remedy ya mayar da ƙarin 17 ɗin asara, ya koma sifili. Sai da ya ɗauki katin ya karanta sau biyu.