Darasi na Tara: Yadda Ake Sayayya a Babban Birni

Babban birni yana da wuraren sayayya iri-iri, kuma kowane da yadda ake bi da shi. Akwai kasuwa, akwai unguwar shaguna, akwai kuma babban kanti mai hawa-hawa. A kasuwa baki ne yake aiki. A babban kanti kuwa takarda ce take magana, mai kaya ba ya nan balle ku tambaye shi. Saboda haka karatun da kuke koyo a ajin nan zai yi muku rana sosai.

Mu fara da kasuwa, tun da ita kowa ya sani. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, a ja har a daidaita. Manyan kasuwanni sukan kasu layi-layi, masu sana'a ɗaya a wuri ɗaya. Babbar kasuwa mai rufi ta birnin Istanbul a ƙasar Turkiyya misali ce. An fara gina ta a zamanin Sarki Muhammad na Biyu, bayan ya ci birnin a shekarar 1453. Yau tana da layuka fiye da 60 da shaguna wajen 4,000. Amfanin wannan tsari ga mai saye shi ne, yana iya jin farashi a shago uku ko huɗu da ke jere kafin ya fitar da kuɗinsa. Kada ku saya a shagon farko. Ku kuma riƙe sunan ƙofar da kuka shiga ta ciki, ko lambarta, ku rubuta a takarda. Ɓata a babbar kasuwa ba wuya.

Unguwar shaguna titi ne ko tituna da shaguna suka cika su dama da hagu, kamar Titin Oxford a Landan. Kuɗin hayar shago a irin wannan wuri yana da yawa, kuma mai shago a kan kaya yake ɗora shi. Sau da yawa in kuka ratsa titin baya za ku sami abu iri ɗaya da sauƙi.

Yanzu sai babban kanti, inda za mu daɗe. Gini ne guda, amma an raba shi sashe-sashe: tufafi a nan, kayan girki a can, kayan lantarki a wani hawa. Wannan salo ya yi ƙarfi ne a birnin Faris na Faransa. A 1852 wani ɗan kasuwa mai suna Aristide Boucicaut ya shiga hannun jari a kantin Le Bon Marché. Ya sa ana rubuta farashi a jikin kaya, kowa ya biya abu ɗaya. Ya bar mutane su shiga su yi kallo ko ba za su sayi komai ba. Ku riƙe wannan da kyau: shiga babban kanti ba ya wajabta muku saye. Mutane da yawa suna jin nauyin fita hannu wofi, sai su sayi abin da ba su yi niyya ba. Ba wanda kuke bi bashi, ba wanda yake bin ku.

Da kun shiga, ku nemi allon da ke kusa da ƙofa ko kusa da matakala. Shi ne yake nuna abin da ake sayarwa a kowane hawa. Ku kuma lura da inda aka rubuta hanyar fita.

A wasu kantuna, mai saye ne yake ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da hannunsa, ya biya a bakin ƙofa. Kantin Piggly Wiggly na birnin Memphis a Amurka ya shahara da wannan tsari tun 1916. Masu irin waɗannan kantuna sun san halin ɗan Adam. Kayan da kowa yake buƙata kullum sukan ajiye su can ciki, don ku ratsa sauran kaya kafin ku isa. Masu tsada sukan zauna daidai inda ido yake faɗawa, masu araha kuma a ƙasa. Ku sunkuya ku duba. Maganin wannan duka shi ne ku rubuta abin da za ku saya tun daga gida. Ko kalma biyar ce, da rubutunku, ta isa.

Abu uku za ku karanta a jikin kaya. Na farko farashi. In kuka ga 499, ku ɗauke shi 500 ne, an rage ɗaya don ido ya ga kamar 400. Na biyu nauyi ko yawa. Giram 1,000 shi ne kilo ɗaya. A ce garin sabulu mai giram 500 kuɗinsa 300, babba mai kilo ɗaya kuma 650. Ƙanana biyu sun kai nauyin babban, amma kuɗinsu 600. Ashe ba kullum babba ya fi araha ba. Waɗannan lambobi na misali ne kawai.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci domin ya shafi lafiya, shi ne ranar da kaya za su daina amfani. Galibi akan rubuta haruffan EXP kafin ranar. Magani da abincin gwangwani da madarar yara, kada ku saye su sai kun ga wannan rana da idonku. A yi hattara da rubutu kamar 03/05/2027. A Ingila rana ake fara rubutawa, wato 3 ga Mayu. A Amurka wata ake farawa, wato 5 ga Maris. In kun yi shakka, ku tambayi ma'aikacin kanti, aikinsa ke nan.

Wannan alama % tana nufin kashi cikin ɗari. Riga mai 800 da aka yi wa ragin 25%, an cire kwata ke nan, wato 200, sai ku biya 600.

A wurin biya, za ku ga ana haska wasu layuka baƙaƙe da ke jikin kaya da na'ura, farashi ya fito. An fara amfani da su a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka a 1974, a kan fakitin cingam. Na'ura ba ta cika kuskure ba, amma akan haska abu ɗaya sau biyu, ko a manta a shigar da ragi. Ku karɓi rasit, ku tsaya gefe ku ƙirga kayanku da layukan da aka buga, ku ƙirga canjinku. Ku adana rasit ɗin, domin yawancin kantuna ba sa karɓar kayan da aka mayar sai da shi.

Aikin yi

Kowa ya kawo kwali ko gwangwani ɗaya daga gida. Ku nemo nauyinsa da ranar daina amfaninsa, ku kwafe su a littafinku.

Ku rubuta sunan abu biyar da gidanku yake buƙata a wannan mako.

Takalmi kuɗinsa 1,200, an yi masa ragin 50%. Nawa za ku biya?

Man shafawa ƙarami mai giram 200 kuɗinsa 150, babba mai giram 400 kuɗinsa 280. Wanne ya fi araha, kuma da nawa?