Yadda ake sa yisti ya yi sifo a ɗakin gwaji

Yistin burodi, Saccharomyces cerevisiae, muddin yana samun sukari tohuwa kawai yake yi, 'ya ta ɓullo a jikin uwa ta rabu. Sai yunwa ta kama shi yake raba kayan gadonsa sau biyu, ya fitar da sifo huɗu, wato ƙananan iri masu taurin ɓawo, a jaka ɗaya. Amma ba kowace yunwa ke sa shi haka ba, kuma a nan ne aikin ɗalibai da yawa a Bauchi ke tsayawa.

Ƙwayar gado mai suna IME1 ce ke buɗe hanyar, kuma sharuɗɗa uku take jira. Dole yistin ya zama mai gado ninki biyu, wanda ya haɗa jinsi biyu na yisti, jinsin "a" da jinsin "alfa". Idan jinsi ɗaya ne, wata ƙwayar gado mai suna RME1 na danne IME1, ko wata guda kuka ajiye shi ba zai yi sifo ba. Dole kuma naitirojin ya ƙare. Na uku, kada a sami gulukos, sai abincin da yisti ke ƙonawa da iskar oksijin, kamar asitet. Duk matakan da ke ƙasa waɗannan sharuɗɗa suke cikawa.

Ku fara renon yistin dare ɗaya a ruwan YPD: giram 10 na tataccen yisti, giram 20 na fefton, giram 20 na gulukos a lita ɗaya, a dafa a tukunyar matsin tururi a digiri 121 na minti 15. Washegari ku mayar da shi ruwan YPA, wanda sinadaransa ɗaya ne da na farko sai dai giram 10 na fotasiyam asitet ya maye gurbin gulukos, ku bar shi awa 12 zuwa 16. Wasu na tsallake wannan mataki don gaggawa. A ganinmu kuskure ne, domin a nan yistin ke sabawa da numfashi da asitet, kuma ƙwayoyin su daidaita su shiga aikin kusan lokaci guda.

Sai wanki. Ku juya shi a na'urar tarawa, wadda ke tara ƙwayoyin a ƙasan ruwa, na minti 3 zuwa 5, ku zubar da ruwan sama, ku wanke da tsabtataccen ruwa sau biyu. Ragowar fefton ko gulukos kaɗan ta isa ta hana IME1 tashi. Daga nan ku zuba shi a ruwan fotasiyam asitet zalla, giram 10 a lita, yawansa ya kai wajen ƙwaya miliyan 20 a kowace mililita. Kada ruwan ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kwalbar: mililita 25 a kwalba mai cin 250, a toshe da auduga, a ɗora a na'urar girgizawa. Inda wuta ba ta tsayawa, gara ku ƙara giram 20 na aga a lita, wato garin da ke daskarar da ruwan, ku zuba a faranti, ku shafa yistin siriri a kai. Ya fi jinkiri, amma ba ya shaƙewa idan girgiza ta tsaya.

Zafi shi ne babbar matsalarmu. Digiri 25 zuwa 30 ake so. A Maris da Afrilu zafin Bauchi kan doshi 40, kuma yisti na iya ci gaba da tohuwa a zafin da sifo ya riga ya gagara, sai ɗalibi ya ɗauka yistinsa ne ba shi da kyau. Idan babu inkubeta mai sanyaya, ku sa farantan a tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin wata babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ku rufe da jiƙaƙƙen buhu, ku ajiye ma'aunin zafi a ciki kuna dubawa safe da rana. Wanda ke da zaɓi ya tsara aikinsa da hunturu.

Ku riƙa ɗiban ɗigo kullum kuna dubawa a madubin ƙara girma, ninki 400. Cikin nau'o'in yistin ɗakin gwaji, SK1 kan gama cikin yini ɗaya, S288C kuwa kan ɗauki kwana 5 zuwa 7 kuma kaɗan ne ke yi. Idan gani ya yi wuya, ku rina da koren malakait kashi 5 cikin ɗari a kan tururi na minti 5, ku wanke, ku bi da jan rini na safaranin na daƙiƙa 30: sifo kore, sauran ƙwayoyi ja. Ku ƙirga aƙalla ƙwaya 200, ku raba masu sifo huɗu da masu sifo biyu. Yawan jaka mai sifo biyu galibi alama ce asitet ya yi ƙaranci.

Kada ku ƙara abinci a tsakiyar aiki. Kafin ƙwayar gado mai suna NDT80 ta tashi, abinci mai gulukos na mayar da yisti ga tohuwa, aikin ya rushe. Bayan ta tashi, yistin ya shiga rabuwar farko ta kayan gado, ba ya komawa.

Idan mako ya wuce babu komai, ku shuka yistin a farantin da giliserol ya maye gurbin gulukos. Wanda bai tsiro ba maitokondiriyarsa, sashen ƙwayar da ke yin numfashi, ta lalace, ba ya numfashi, don haka ba zai taɓa yin sifo ba, ku sake wani. Yistin leda da ake saya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ya isa a koyi gani da rini, sai dai sau da yawa gadonsa ya wuce ninki biyu, sifo ɗinsa da yawa ba sa tsirowa. Don nazarin gado ku nemi nau'in ɗakin gwaji wanda aka san jinsinsa.