Yadda zaka zaɓi sharhin Littafi Mai Tsarki ba tare da kayi asarar kuɗinka ba

Duk wanda aka taɓa ɗora wa jan binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako ko koyar da Sande Sukul ya san yadda abun yake in aka iso Firistoci ko Ru'ya ta Yohanna, kowa ya zuba maka ido kai kuma kana ta juya shafi. Daga nan ake fara cigiyar littafin sharhi, toh amma littattafan nan sunyi tsada yanzu, kuma da yawanmu muna saye ne kawai don munga fasto yana riƙe da irinsa.

Kafin ka nufi kantunan littattafai na Sabon Garin Kano, fara duba su wa zaka koyar kuma da wane yare. In Zumuntar Mata ce ko ajin dattawa da Hausa, ƙaton littafin Turanci wahala zai baka, kana fama da fahimta kana kuma fama da juyawa. Ka duba wane juyi ne a hannunka, tsohon nan na 1932 da su Dakta Miller suka yi aikinsa, ko na 1979, ko Sabon Rai Don Kowa. Masu son Strong's Concordance, littafin nan na neman ayoyin da kalma ta fito a ciki, kuma su sani akan juyin Turanci na King James aka gina shi, in ba ita kake karantawa ba zaka yi ta neman kalma baka ganta ba.

Sai ka fara da sharhi mai kundi ɗaya wanda ya ɗauko daga Farawa har ƙarshe. Ni dai Africa Bible Commentary nake nuna wa mutane, ya fito a 2006, marigayi Tokunboh Adeyemo ne babban editansa, masana 70 'yan Afirka suka rubuta, kuma an fassara shi da Hausa.

Mataki na gaba shine wanda akafi tsallakewa. Kar ka biya sai ka gwada littafin a tsaye a cikin kantin. Ka tafi da wurare biyu ko uku da kasan ana yawan tambayarka akai, ka buɗe kaga me yace. Misali 1 Korantiyawa sura 8 da 10, zancen cin naman da aka miƙa wa gumaka, wanda anan Kano duk shekara sai wani a cikin aji ya ɗaga hannu ya tambaya akan naman Sallah da maƙwabta ke aiko mana. Ko 1 Sama'ila 28 inda Saul ya je wurin mai kiran kurwar matattu a Endor, ko batun mutumin da ya tuba yana da mata biyu. Wani marubucin zai cika shafi uku akan ayar da ko yaro ya gane, in ya iso mai wuyar sai ya bata layi biyu ya wuce abinsa, irin wannan maida shi kan kanta ko da bangonsa na sheƙi ne. Wanda ya faɗa maka ra'ayoyin da ake da su, ya nuna wanda ya ɗauka da dalilinsa, shi zaka riƙe.

Bayan haka ka bincika waye marubucin, daga wace ɗarika ya fito. Baibul masu bayani a ƙasan shafi irin Scofield da Dake suna da nasu ra'ayi akan ƙarshen zamani, kuma saboda bayanin na zaune shafi ɗaya da ayoyi sai kaji ɗan'uwa na cewa "Baibul ya ce" alhali Dake ne ya ce. Zancen baftisma da magana da harsuna ma haka, ba lallai yazo daidai da koyarwar ikilisiyarku ba, nuna wa fasto ko wani dattijo tukuna. 'Yan Katolika su lura littattafan da ke cikin Baibul ɗinsu 73 ne, yawancin sharhin kasuwa akan 66 suka tsaya.

Na waya kuma akwai na kyauta. Manhajar Baibul ta YouVersion na da juyin Hausa, ka sauke lokacin da kake da data. Sharhin Matthew Henry ma kyauta ne, yana da daɗi wajen wa'azi sai dai Turancinsa tsoho ne, ya rasu a 1714 bayan ya kai ƙarshen Ayyukan Manzanni, wasu suka ƙarasa sauran. PDF ɗin da ake turowa a WhatsApp ba sunan marubuci kuwa, bana koyarwa da shi.

In ka saya, karanta surar da kanka sau biyu, rubuta abinda ka gane da tambayoyinka a takarda, sannan ka buɗe sharhin. Ka kuma rubuta sunanka da lambar waya a ciki da biro don aron littafi a coci baya dawowa da wuri, sannan ka ajiye shi nesa da bango saboda gara.