Ganin likita ta waya: inda muke tafka kuskure

Tun zamanin korona a 2020 ganin likita ta waya ya zama ruwan dare, kuma yana da amfani sosai ga wanda asibiti ya yi wa nisa, amma akwai kwaɓar da muke ta maimaitawa.

Kowa ya sa hoton farar riga a WhatsApp sai mu ce masa dakta, alhali wani ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa takawa ba. A Najeriya hukumar kula da aikin likitoci, wato MDCN, ce ke yi wa likita rajista, lasisinsa kuma duk shekara ake sabuntawa, to ka tambayi cikakken sunansa da lambar rajista da asibitin da yake aiki, ba raini ba ne. In ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sirri. Hajiya za ta tura rizal ɗin gwajinta a guruf na dangi don kawai ɗan yayarta likita yana ciki, kowa ya buɗe ya gani, kafin la'asar zance ya kai kunnen kishiya. Hajiya, ki tura masa shi kaɗai mana! Su ma ma'aikatan lafiya ba a bar su a baya ba, a ɗauki hoton ciwon mutum a sa a sitatus wai faɗakarwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya sai da izininsa a rubuce ko umarnin kotu da makamantansu, ta kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu tsananin sirri. Toshe idon mutum a hoto ba shi ne izini ba.

Sai maigida ya kira ya ce uwargida ba lafiya, shi zai yi bayani, shi zai amsa tambaya. Malam, miƙa mata wayar ka ba su wuri, akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanka ba.

Maganin da aka rubuta miki naki ne, kar ki tura wa maƙwabciya ta kai kemis don ciwonku ya yi kama. Kai kuma likita, shawarar waya ma ka rubuta ta a fayil, in rigima ta taso shi za a nema.

Mai ciki tana zubar da jini, yaro na jijjiga, ko ƙirji ya riƙe, wannan ba na saƙon murya ba ne, a nemi mota a tafi asibiti.