Idan Fankar Hita Ta Ƙi Juyawa a Tsohuwar Mota

Wata biyar Marsandin Baba Alhaji na Aboabo ta yi a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ana farfaɗo da ita. W123 ce, samfurin da ya fito a 1976. Masu walda sun gama, mai fenti ya gama, an ɗinke kujeru. Ranar da aka turo ta rumfata a Suame abu ɗaya ya rage: fankar hita ba ta motsi. Yarona ya ce, "Masta, wa ke neman zafi a Kumasi? A bar ta haka mana." Na tambaye shi ko ya taɓa bin hanyar Nkawkaw cikin ruwan watan Yuni, tagogi a rufe, mutum huɗu na numfashi a ciki. Gilashin gaba yakan yi hazo har direba ya koma goge shi da hula yana tuƙi. Fankar nan ce ke hura masa iska ya washe. Saboda haka ba na sallamar mota fankarta a mace.

Kada ka fara da kwance dashbod, kada kuma ka yi saurin cewa injin fanka ya ƙone. Bi wutar daga inda ta taso har ka ga inda ta tsaya. Fitilar gwaji, mita, wayoyi biyu masu maƙali da ɗan samfefa sun ishe ka. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota a kashe take. Murɗa makulli kafin ka gwada, don a yawancin motoci fanka ba ta samun wuta sai an murɗa. Idan za ka kwance wani abu kuwa, cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar (-), tukuna.

Fiyus ne farko. Tsofaffin motocin Jamus suna da dogon fiyus mai tsini a kai biyu: fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Murfin akwatin yakan nuna wanne ne na fanka. Ido kaɗai ba ya isa a nan, domin fiyus zai yi kyau a gani alhali tsininsa ya yi kanta, wuta ba ta ƙetarewa. Taɓa fitila a kowane ɓangare. Idan ta kama a ɗaya ta ƙi a ɗaya, ka samu. A motar Baba Alhaji na tarar wani ya naɗe mataccen fiyus da takardar azurfa ta kwalin taba, robar mazauninsa har ta fara narkewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don irin wannan ne ke cinna wa mota wuta a tsakiyar titi. Mayar da fiyus daidai lambarsa, kada ka ƙara masa girma.

Idan sabon ya sake tsinkewa da kunna fanka, zare fulogin injin fankar ka sa wani fiyus. Ya kuma tsinkewa? To waya ce ta goge tana taɓa jikin mota. Duba inda wayoyi ke ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, robar wurin takan ruɓe. Ɓera ma yana aikinsa a motar da ta daɗe a ajiye. Idan kuma bai tsinke ba sai da ka mayar da fulogi, injin ne ya cije yana jan wutar da ta fi ƙima.

Yanayin rashin lafiyar ma yana ba da labari. Fankar da ke aiki a mataki na ƙarshe kawai, na ɗaya da na biyu shiru, razista ce ta ƙone. A matakan ƙasa wuta tana bi ta cikin wasu nannaɗaɗɗun wayoyi, wato razista, da ke rage mata ƙarfi, a na ƙarshe kuwa kai tsaye take tafiya. Waɗannan wayoyi suna zafi sosai, shi ya sa a motoci da yawa ake dasa su a hanyar iska. Busasshen ganye ko sheƙar ɓera ta toshe hanyar, sai su gasu. Ka share wurin kafin ka sa wata, in ba haka ba ita ma za ta bi 'yar'uwarta.

A nan mita take yaudarar yara. Ka zare fulogi, ka auna, ta nuna maka 12 a kowane mataki, ka ce layi lafiya lau. Ba haka ba ne. Mita ba ta jan wuta, ko sili ɗaya ya rage a cikin waya za ta nuna 12. Sai an ɗora wa layin kaya gaskiyarsa ke fitowa. Bar fulogin a jone, kunna fanka, ka cusa tsinken mita ta bayansa.

Wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wuta ta koma batir, ita ce aka fi mantawa, kuma a motar da aka yi wa sabon fenti ita nake fara zargi. A motocin Jamus launinta ruwan ƙasa ne, lambarta 31 a zane. Lamba 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 kuma wadda ke zuwa bayan an murɗa makulli. A motocin Ingila wayar ƙasa baƙa ce. Sa tsinke ɗaya a wayar ƙasa ta injin fankar, ɗayan a kan batir na ƙasa, fanka a kunne. Idan mita ta haura rabin volt, hanyar komawa ta lalace. Ka lura dai, a motocin Japan da yawa makunni da razista a ɓangaren ƙasa suke, injin yana da wuta muddin makulli a murɗe yake, don haka wannan awon sai a mataki na ƙarshe.

Abin da ya kashe fankar Baba Alhaji ke nan. Na auna, mita ta nuna kusan 12 a wayar da ya kamata ta nuna sifiri. Na bi ta har inda aka ɗaure ta, sai ga zobenta zaune a kan sabon fenti mai kauri. Na kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, na goge zoben, na ɗaure, na shafa ɗan giris don tsatsa. Da yarona ya murɗa makunni ta tashi, amma da ƙara kamar ana wasa wuƙa.

Sai a nan na taɓa injin fankar. Fitar da shi, ka ba shi wuta kai tsaye daga batir da wayoyinka biyu, da fiyus a tsakani, ka riƙe shi da kyau don yana fizga. Idan ya ƙi tashi sai an ɗan ƙwanƙwasa shi, gawayinsa, wato ɗan baƙin abin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ya cinye. Ana samun mai kama da shi a Magazin a goge shi ya shiga. Goge tagullar da gawayin ke hawa da samfefa mai laushi, ka ɗiga man inji kaɗan a bushi, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki. Wajen mayarwa kada ka juya wayoyin. Injin mai maganaɗisu zai juya da baya, ka ji ƙugi amma iska kaɗan. Idan dole ka sauya waya, sa mai kauri irin ta asali ko fiye, ka haɗa da dalma, ban da murɗawa da hannu a naɗe da tef.

Bayan sallar Juma'a Baba Alhaji ya zo da jikansa. Ya zauna, ya murɗa makunni da kansa, ya ɗora tafin hannu a gindin gilashi yana jin iskar. Ya ce, "Ɗana, rabon da in ji wannan tun mahaifin yaron nan yana makaranta." Ya bar ta a mataki na biyu, ya ja motar suka nufi Aboabo.